Kuɗin Fanshon da Ake Yanke wa Ma'aikatanmu: A Bi Sawunsu Tun Maigida Yana Nan

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida mai albarka, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ke cutar da ma'aikata da yawa a zangunanmu na Kumasi, amma ba a cika jin an tayar da shi a masallaci ko a majalisa ba. Al'amarin shi ne kuɗin fansho da ake yankewa daga albashin ma'aikaci kowane wata, a rubuta a takardar albashinsa cewa an yanke, amma idan aka je ofishin SSNIT, wato hukumar fanshon ma'aikata ta ƙasar Gana, a tarar ba su shiga asusunsa ba, balle kuma kason da doka ta ɗora wa maigida ya ƙara daga aljihunsa. Na daɗe ina aikin lissafin albashi kafin in ajiye aiki, kuma saboda haka mutanen unguwa sukan kawo mini takardunsu in duba musu. Abin da nake gani ya tabbatar mini cewa takardar albashi shaida ce kawai ta cewa an yanke, ba shaida ce ta cewa an biya ba, kuma duk wanda bai bi sawun kuɗinsa tun yana bakin aiki ba, da wuya ya same su cif bayan ya tsufa.

Ya kamata mu fara da abin da doka ta ce, domin yawancin waɗanda abin ya shafa sun san dai "ana cire mini SSNIT", amma ba su san nawa ba, ba su kuma san ina kuɗin suke zuwa ba. Dokar fansho ta ƙasa ta 2008, wadda aka sani da lamba 766, ta fara aiki a watan Janairun 2010, aka kuma yi mata gyara a 2014. Ta tanadi cewa a yanke kashi 5.5 cikin ɗari na ainihin albashin ma'aikaci, maigida kuma ya ƙara kashi 13 daga nasa, jimla kashi 18.5 ke nan. Daga cikin wannan, kashi 13.5 suna zuwa SSNIT, wato mataki na farko, ita kuma ta miƙa kashi 2.5 ga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Sauran kashi 5 su ne mataki na biyu, kuma ba SSNIT ke riƙe da su ba, kamfanonin amintattu ne masu zaman kansu waɗanda hukumar kula da fansho ta NPRA ta ba lasisi. Mutumin da ainihin albashinsa sidi 1,500 ne, za a yanke masa sidi 82 da pesewa 50, maigida ya ƙara sidi 195, a haɗa su zama sidi 277 da pesewa 50, a kai sidi 202 da pesewa 50 SSNIT, a kai sidi 75 wurin amintattu. Doka ta ba maigida kwana 14 bayan ƙarshen wata ya biya, idan ya saɓa kuma akwai tarar kashi 3 cikin ɗari a kowane wata a kan abin da ya riƙe. Haka nan doka ta hana shi ya yi dabarar cire nasa kason daga albashin ma'aikaci.

Wani zai ce ai sidi ɗari biyu da 'yan kai ba su kai a ɓata da maigida a kansu ba. To, ba a yawan kuɗin matsalar take ba, a lissafin watanni take. SSNIT ba ta ƙirga shekarun da mutum ya yi yana sammako zuwa aiki, watannin da kuɗi suka shiga da sunansa take ƙirgawa. Kafin mutum ya cancanci fansho na wata-wata har ƙarshen rayuwarsa, sai an biya masa aƙalla watanni 180, wato shekara 15, kuma a tsohuwar dokar 1991 ma watanni 240 ne. Wanda ya cika 180 yana samun kashi 37.5 cikin ɗari na matsakaicin albashinsa na shekaru uku da suka fi tsoka, kowace shekara da ya ƙara a kai kuma tana ƙara masa kashi 1.125, har a kai iyakar kashi 60 ga wanda ya yi shekara 35. Wanda ya kai shekara 60 da haihuwa bai cika watannin ba, abin da zai samu shi ne a mayar masa da abin da aka tara tare da ribarsa a dunƙule, ya karɓa sau ɗaya, shi ke nan. Saboda haka watanni goma da wani maigida ya danne shekara ashirin da suka wuce suna iya zama abin da zai raba dattijo da fanshon da zai ci har ya koma ga Allah. Haka kuma fanshon naƙasa yana buƙatar a ce an biya wa mutum watanni 12 cikin watanni 36 da suka gabaci naƙasar, ke nan maigidan da ya daina biya a ɓoye ya bar ma'aikacinsa ba kariya a daidai lokacin da yake ɗaukar katako ko yake tuƙa mota a hanyar Tamale.

Bari in ba da misalin wani dattijo a unguwarmu wanda ya yi gadi a wata masana'antar katako da ke wajen Kaase, daga baya ya koma wata makaranta mai zaman kanta. Da ya kusa shekara sittin, ɗansa ya karɓo masa takardar bayanin asusunsa, suka zo muka shimfiɗa ta a kan tabarma tare da wata leda cike da tsofaffin takardun albashi, wasu sun yi ja don tsufa, wasu ruwa ya taɓa su har tawada ta baje. Takardar SSNIT tana jera shekara da wata da albashin da aka bayyana da abin da aka biya. Muka bi layi-layi da fensir, duk watan da muka gani a takardar albashi sai mu nemi takwaransa a can. A shekarun masana'antar sai mu ga wata huɗu sun shiga, uku babu, biyu sun shiga, daga nan shiru har shekara ta ƙare, alhali a kowace takardar albashi ga shi an rubuta an yanke. Shekarun makarantar kuwa babu ko wata ɗaya, kamar bai taɓa taka ƙofar wurin ba. Dattijon ya daɗe yana kallon takardar, ko da yake ba ya karatun boko, sannan ya ce shi dai ya san bai taɓa fashin aiki ba sai ranar da ya binne mahaifiyarsa.

Da aka bincika, sai aka tarar matsalolin biyu ne daban. Makarantar ta biya, sai dai magatakardanta ya yi masa sabuwar rajista da wata lamba, ya rubuta sunansa da wasu haruffa dabam, ya kuma sa masa ranar haihuwar da ya ga dama. Wannan an gyara bayan zirga-zirga da rantsuwar kotu, aka haɗe lambobin biyu, watannin suka dawo. Masana'antar katakon kuwa ta daɗe da rufewa, an sayar da injinan, filin ma ya zama wurin ajiye motoci, kuma babu wanda ya san inda masu ita suke. Waɗannan watanni har yau ba su dawo ba.

Kuɗin nan ba ta hanya ɗaya suke ɓacewa ba, kuma sanin hanyar da suka bi shi ne rabin aikin nemo su. Akwai maigidan da yake yankewa ya riƙe, ya juya kuɗin a kasuwancinsa da niyyar zai biya idan abubuwa sun daidaita, har bashin ya yi masa yawa. Akwai wanda yake biya a kan lokaci amma ya bayyana wa SSNIT albashin da bai kai na gaskiya ba, ko ya karkasa albashin ya mai da mafi yawansa alawus, ya bar ɗan kaɗan a matsayin ainihin albashi, tun da a kan ainihin albashi ake lissafi. Wannan ta fi kowacce wuyar ganewa domin watanni suna cika, sai ranar lissafin fansho mutum ya ga an ba shi abin da ba zai saye masa maganin hawan jini ba, kuma abin baƙin ciki shi ne sau da yawa da yardar ma'aikacin ake yi, don yana son ya ga kuɗin hannunsa sun ƙaru a ƙarshen wata. Akwai kuma wanda yake biyan kuɗin a dunƙule bai haɗa da jerin sunaye da lambobi daidai ba, sai kuɗin su tsaya a hannun hukuma ba a san asusun wa za a zuba su ba.

Maganar sunaye ta fi shafar mu mutanen zango fiye da kowa, shi ya sa nake so in ɗan tsaya a kanta. Mutum ɗaya sai ka tarar a makaranta an rubuta shi Fuseini, a katin zaɓe Husseini, a wurin aiki kuma an ɗauki sunan mahaifinsa an mai da shi sunansa na farko. Isa ya zama Issah, Sa'idu ya zama Seidu, Muhammadu ya zama Mahama ko Mohammed, gwargwadon kunnen magatakardan da ya riƙe biro a ranar. Ga kuma ranar haihuwa, wadda iyayenmu da yawa ba su rubuta ba, aka yi ta ƙiyasi a kowane ofis. Tun a 2021 SSNIT ta fara haɗe lambobinta da lambar katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card, kuma wannan ya rage matsalar ga masu shiga yanzu. Amma wanda ya yi aiki a wurare uku ko huɗu kafin lokacin, ya haɗa lamba ɗaya da katinsa ya manta da sauran, kuɗinsa suna can a ƙarƙashin sunan da shi kansa ba zai amsa ba idan an kira shi da shi. Duk wanda ya taɓa cika takardar rajista fiye da sau ɗaya, ko ya taɓa dangwala yatsa a wurin aiki aka ce ta SSNIT ce, ya kamata ya faɗa wa jami'in da zai duba masa tun da farko, ya lissafa masa duk wuraren da ya yi aiki da duk yadda aka taɓa rubuta sunansa.

Mataki na biyu kuwa shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma nan ne ɓarna ta fi yawa a abin da nake gani. Ma'aikaci zai duba SSNIT ya ga komai daidai, hankalinsa ya kwanta, bai san cewa kashi 5 ɗin nan suna da nasu asusun dabam ba, kuma daga cikinsu ne za a ba shi kuɗin dunƙule ranar da ya yi ritaya. Na tambayi malaman makarantu masu zaman kansu da direbobin kamfani da masu sayar da mai a gidajen mai sunan amintattun da ke riƙe da nasu, kaɗan ne ƙwarai suka iya faɗa. Maigida ne yake zaɓen inda ake kai kuɗin, kuma idan mutum ya sauya wurin aiki, sabon maigida yana iya kai shi wani kamfanin dabam, sai kuɗinsa su warwatsu a wurare biyu ko uku. Doka ta ba shi damar ya nemi a tattara masa su wuri ɗaya, amma sai ya san inda suke tukuna. Wasu masu gidan aiki suna jin tsoron SSNIT domin tana da masu bincike da ke zagayawa, tana kai mutane kotu, kuma takardar shaidarta ta cewa ba a bin kamfani bashi tana cikin abubuwan da ake nema kafin a ba shi kwangilar gwamnati. Sai su biya can, su yi watsi da mataki na biyu.

Abin da nake shawartar kowane ma'aikaci da shi ba mai wuya ba ne, sai dai yana son naci. Ya je kowane reshen SSNIT da katinsa ya nemi takardar bayanin asusunsa, ko ya sa ɗansa ya duba masa ta shafin hukumar a intanet, kuma ya mai da hakan al'ada aƙalla sau ɗaya a shekara. Ya gwada ta da takardun albashinsa wata-wata, yana duba abu biyu, wato ko watan ya shiga, da kuma ko albashin da aka bayyana shi ne na gaskiya. Ya tambayi ofishin albashi sunan amintattun mataki na biyu da lambarsa a wurinsu, ya nemi bayani daga gare su kai tsaye. Idan ya ga giɓi, ya fara da maigida cikin ladabi, amma a rubuce, da kwanan wata, ya ajiye kwafi, domin sau da yawa kuskuren magatakarda ne, rasit yana nan a fayil, a gyara cikin mako guda. Idan aka yi ta ce masa gobe, jibi, to ya kai ƙara SSNIT a kan mataki na farko, ya kai wa NPRA a kan mataki na biyu, kuma tana da ofis a nan Kumasi. Ba ma'aikaci ne zai ɗauki lauya ya bi kuɗin ba, aikin hukumomin nan ne su bi maigida su karɓo tare da tara, su gurfanar da shi idan ya ƙi.

Wanda ba a ba shi takardar albashi, kada ya ɗauka ba shi da hujja. Takardar ɗaukar aiki, katin shaidar wurin aiki, bayanin banki ko saƙonnin kuɗin waya da ke nuna shigar albashi, har da littafin da ake sa hannu ranar biya, duk suna nuna cewa mutum ya yi aiki a wurin da kuma abin da ake ba shi. Haka kuma kada wani ya yarda a ce masa shi ɗan wucin gadi ne, ba shi da rabo. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a hannun maigida ɗaya, a ɗauke shi a matsayin na dindindin. Na san masu gadi da masu shara da suka shekara bakwai ana kiran su 'yan wucin gadi.

Na san abin da ke hana mutanenmu motsi, kuma ba na raina shi. Aiki yana da wuyar samu, mai iyali yana tsoron ya buɗe baki a sallame shi. Ban da tsoro akwai kunya, musamman idan maigidan namu ne, wanda ake haɗuwa da shi a sahun gaba a masallaci, wanda ya zo sunan ɗanka ya kuma taimaka lokacin da matarka ta kwanta asibiti. Yaya za ka kai irin wannan mutum ƙara? Amma alherin da ya yi maka kyauta ce daga gare shi, Allah ya saka masa, kuɗin fansho kuwa haƙƙinka ne da aka ba shi amana ya isar, kuma ɗaya ba ya shafe ɗaya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ma'aikatan wuri ɗaya su karɓo takardunsu gaba ɗaya su yi magana da murya ɗaya, ta bakin ƙungiyar ƙwadago idan suna da ita, ko ta bakin wani dattijo da maigidan yake jin nauyinsa, don kada a ware mutum ɗaya a ce shi ne mai tayar da fitina.

Ga 'yan uwana masu ɗaukar ma'aikata, masu makarantu da motocin haya da shaguna da gidajen burodi daga Aboabo zuwa Asawase da Tafo, ina tunatar da mu hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kashi 5.5 da ka yanke ba kuɗinka ba ne ko na daƙiƙa ɗaya, wani yanki ne na ladan nan da ka riƙe da sunan za ka kai masa ajiya. Na san kasuwa ta yi tsanani, na san yadda faɗuwar darajar sidi da tsadar kaya suka karya jarin mutane da yawa a 2022. Wanda bashi ya taru masa, ya je hukumar da ƙafarsa ya nemi a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, hakan ya fi masa mutunci a kan ya jira sammaci, ga kuma tarar da ke hauhawa kowane wata. Ba daidai ba ne mutum ya riƙa zuwa Umara a kai a kai, asusun direbansa kuwa ya shekara uku ba a zuba ko pesewa ba.

Su ma hukumomin akwai abin da ya rage musu. Tun da SSNIT tana da lambar wayar mambobinta, kamata ya yi duk watan da kuɗin mutum ba su shiga ba ta aika masa da saƙo cewa ba a biya ba, maimakon a bar shi ya gano bayan shekara goma. Amintattun mataki na biyu su ma su riƙa sanar da ma'aikaci kai tsaye, ba ta hannun maigidan da ake zargi ba. Ya kamata kuma a riƙa wayar da kai da Hausa da Dagbani da sauran harsunan da ake ji a zango, a gidajen rediyo da kasuwanni, kamar yadda aka yi ƙoƙari lokacin da aka ƙaddamar da shirin shigar da masu sana'ar kansu a nan Kumasi a 2023. Gwamnati kuma, wadda ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan, ta zama abin koyi wajen biya a kan lokaci. Ba mu manta ba cewa kuɗin mataki na biyu na ma'aikatan gwamnati sun shafe shekaru a wani asusun wucin gadi a Babban Bankin Gana, har ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki a kan batun a watan Oktoban 2014. Idan babba yana jinkiri, da wane baki za a tsawata wa mai makaranta mai aji shida?

Ina kira ga sarakunan zango da limamanmu da ƙungiyoyin matasa su ɗauki wannan a matsayin aikin al'umma. Muna da yara masu ilimi da suka iya kwamfuta da lissafi. A ware rana ɗaya bayan sallar Juma'a ko ranar Asabar a harabar makarantar Islamiyya, a gayyaci jami'an SSNIT da na NPRA, kowa ya zo da katinsa da ledar takardunsa a duba masa. A fara da waɗanda suka haura shekara hamsin, domin su ne lokaci ya fi ƙure wa, sannan matan da mazajensu suka rasu suna bakin aiki, waɗanda da yawansu ba su san cewa akwai kuɗin magada da doka ta tanada ba, ba su kuma san ko sunan wa marigayin ya rubuta a takardarsa ba.

Ku kuma, ya Edita, ina roƙon ku sa ɗaya daga cikin wakilanku ya zauna da jami'an hukumomin nan biyu, ya tambaye su dalla-dalla abin da ake yi wa ma'aikacin da kamfaninsa ya rufe da bashin fansho a kansa, da takardun da ake buƙata wajen haɗe lambobi biyu, ku buga amsar da Hausa yadda za a karanta wa wanda bai yi boko ba.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi